Allurar Bindigar Kakanmu

Da sunan Allah nake farawa, wanda Ya san abin da ke ƙarƙashin ruwa kamar yadda Ya san abin da ke bisansa.

A gidanmu an yi wata bindiga da ban taɓa jin ƙararta ba, mahaifina ma bai taɓa ji ba, amma ita ta shiga tsakanina da ƙanena. Na daɗe ina son rubuta yadda abin ya kasance, sai in ɗauki alƙalami in sake ajiyewa. Yanzu da idona ya fara gajiya da ƙananan baƙaƙe, na ga gara in rubuta tun ina ganin abin da hannuna ke yi.

Kakanmu na wajen uba ne ya zo da ita. Yana saurayi aka kwashe su daga ƙasar Yawuri zuwa yaƙin da Ingilishi suka yi da Jamus a Kamaru. Ba soja ba ne, ɗan dako ne, akwatunan harsashi ya yi ta ɗauka a ka. Da ya komo, abu biyu ya zo da su: kunnen hagu da ba ya ji, da wani kube na katako naɗe cikin tsumma. A lokacin gidanmu yana kan gungu, wato tsibiri a tsakiyar Kwara, daura da ƙasar Ngaski. Muna su, muna noman albasa a bakin ruwa.

Kuben bai kai kamu ɗaya ba. Kansa mai faɗi ne, gindinsa siriri, yana da murfi da ɗan maɓalli. In aka danna maɓallin sai murfin ya buɗe, a zaro bindigar. Mariƙinta kewayayye ne kamar ƙotar lauje, an yi masa zane-zane a gicciye. Gaban kunama, wato inda yatsa ke ja, akwai ɗan akwatin ƙarfe mai kusurwa huɗu, sannan dogon hanci siriri. A gindin mariƙin akwai zobe, a jikin zoben kuma an ɗaura wata 'yar laya da aka ɗinke da jar fata, tsufa ya mai da ita baƙa. Cikin tsumman akwai wani siririn ƙarfe da aka jera harsashi bakwai a kansa, da gurbin uku babu kome.

Sau ɗaya a shekara kaka ke fito da ita, kashegarin Babbar Sallah. Zai shimfiɗa buzu a inuwar tsamiya, ya narkar da kitsen ragon layya, ya bi ta lungu-lungu yana shafawa. Maharban gungu sukan zo kallo da bindigoginsu na toka, irin waɗanda ake ɗura wa albarushi ta baki ana dannawa da sanda. Yakan ce musu wannan ita ke ɗura wa kanta, har sau goma, mutum bai sauke hannu ba. Su yi ta dariya. Wani ya ce, “Baba, to harba muna guda mu ji, ko kunnenmu ya sha labari.”

Amsarsa ɗaya ce kullum. Ba ya ko ɗaga kai, sai ya ce, “Allura tana cikin ruwa.”

Nan take wani zai ƙarasa masa: “Mai rabo ka ɗauka!” A kwashe da dariya, a ce tsoho ya iya zance. Kowa ya san karin maganar. Abin da muka fahimta shi ne bindigar tana da mai ita, wanda Allah Ya rubuta masa, kuma bai zo ba tukuna. Kaka ba ya dariyar tare da su. Yakan dubi wanda ya ƙarasa maganar na ɗan lokaci, sannan ya mai da kansa ga kitsensa.

Ina ɗan shekara goma sha wani abu aka datse Kwara a Kainji, ruwa ya taso ya ci gungunmu. Aka mai da mu sabon ƙauye a tudu, cikin ɗakunan siminti masu rufin baka waɗanda ke ɗaukar zafi kamar tanderu. Kaka bai ga damina biyu a can ba. Bayan rasuwarsa da 'yan watanni Inna ta haifi ƙanena, aka sa masa sunan marigayin. Da yake mace ba ta faɗin sunan surukinta, Inna sai ta riƙa kiransa Mai-suna, gari duka ya ɗauka.

Tun yana rarrafe tsofaffin mata ke cewa, “Ga mai rabon nan ya iso.” Mahaifinmu ma haka ya ɗauka. Shi ya gaji shafa kitsen, kuma ya yi imani cewa asirin ɗurin nan yana cikin layar. Laya kuwa ba a buɗe ta. Wanda ya farke ɗinkinta ya karya ta, kowa ya san wannan. Ni aka tura Yelwa karatu, na yi Alƙur'ani, na yi littattafai, hannuna ya faɗa da ajami har ya zama mutane na kawo mini wasiƙun iyayensu da takardun gonaki in karanta musu. Na karanta rubutun matattu da yawa. Amma ko sau ɗaya bai taɓa zo mini a rai cewa abin da ke rataye a zoben nan takarda ce, kuma takarda don a karanta ake rubuta ta.

Da mahaifinmu ya rasu, bindigar ta koma ɗakin Inna, cikin wata tsohuwar randa da ta tsage. Ni ina Yelwa ina ɗinkin hula ina karantarwa. Ƙanena yana ƙauye, da rani yana kan tafki da taru, da damina yana gona. Mutum ne mai ƙarfi da saurin dariya, ya haura hamsin amma yana ɗaga buhun shinkafa shi kaɗai. Duk zuwan da zai yi Yelwa sai ya sauka a zaurena da ƙullin bandar kifi, ya ce, “Malam, ga abin da zai sa tawada ta yi gudu.”

Sai shekarun nan suka zo. Ɓarayin daji suka fara ratsowa ta ƙasar Shanga da Ngaski a kan babura. Ba zan tsawaita ba, wanda ke zaune a nan ya sani. Suka kore shanun huɗar ƙanena guda biyu da rana tsaka. Gonakin ƙauyen na dawa suna can tudu, tafiyar sa'a biyu cikin daji. An yi shuka da tsoro, an yi noma da tsoro, Allah kuma Ya ba da damina mai kyau. Dawa ta nuna ta sunkuyar da kai, amma aka rasa mai ƙarfin halin zuwa yanka.

Ranar wata Litinin Inna ta aiko a kira ni. Na shiga jirgin kasuwa, na isa kafin azahar. Na same ta zaune bakin randar, murfin a ƙasa. Ni ne ɗanta na fari, ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta kuma cika duban fuskata ba. Ta ce, tana kallon bango, “Ƙanenka ya ɗauki kayan tsoho.”

“Ya ce mi zai yi da su, Inna?”

“Asabar za su tahi yankan dawa. Magidanta kusan ashirin. Sun ce in bindigar tsoho na gaba, za su bi. Ni dai cikina bai kwanta ba. Ka yi mashi magana, kai yake jin kunya.”

Na same shi bakin ruwa yana gyaran taru, kuben rataye a kafaɗarsa da igiya. Ya ganni ya yi dariya. “Inna ta kai ƙarata wurin alƙali ke nan.”

Na ce, “Mai-suna, ka taɓa harba abin nan?”

“Yaya, ai ba a gwada ta. Bakwai gare ni, in na gwada saura shida.”

“Ka san yadda ake ɗura ta?”

“Ita ka ɗura wa kanta. Ko ka manta?”

Na ga in na ce kada ya tafi ba zai ji ba. Sai na ce masa abu ɗaya nake roƙo. A Yelwa akwai wani tsohon soja da kowa ke kira Kofur, yana gyaran injin jirgin ruwa a bakin kasuwar kifi. A zamanin aikinsa ɗakin makamai aka ajiye shi, gyaran bindigogi ne sana'arsa. Na ce a kai masa ya duba, ya nuna yadda ake sa harsashin. In ya ce lafiya lau, na cire bakina. Ƙanena ya ce, “Don kai, Malam.”

Ranar Laraba da hantsi ya iso da ita a ƙarƙashin bandar kifi cikin kwando. Na kira Kofur zaurena, muka tura ƙofa, hasken taga ya ishe mu. Kofur ya haura saba'in, gajere, yatsunsa baƙi ƙirin da man inji. Da ƙanena ya buɗe tsumman, tsohon ya yi salati ya goge hannuwansa a riga har sau biyu kafin ya taɓa.

Ya ce, “Kai! Ku 'yan gungu, kuna kwana da wannan kuna cin tuwo? Sau ɗaya na taɓa ganin irinta, cikin tsofaffin makaman da aka tara a barikinmu. Wanda ya koya mana aiki ya hana mu taɓawa, shi kaɗai ke kwance ta muna kallo.”

Ya juya ta a hannu yana magana kamar mai gabatar da baƙo. Ya ce an fara ƙera irinta a ƙasar Jamus tun Turawa ba su ci Sakkwato ba. An ce wasu 'yan'uwa uku ne ma'aikatan wani gidan ƙira suka tsara ta, amma sunan mai gidan ne ya fita, kamar yadda aka saba a duniya. Kafin ita, ƙaramar bindigar soja libarba ce, mai gora da ke juyawa. Wannan tana cikin na farko da suka iya ɗura wa kansu har aka fita yaƙi da su. Sojan Jamus ɗin ma ba su karɓe ta da farko ba, sai dai hafsa ya saya da kansa in za a tura shi ƙasa mai nisa. Sai da babban yaƙi ya zo, makamai suka yi ƙaranci, aka tuna da ita. Ya ce mutanen Sin sun so ta ƙwarai, har maƙeransu suka riƙa kwaikwayonta.

Ƙanena ya ce, “To Kofur, ɗurin fa? Ba layar ba ce?”

Kofur ya dube shi ta saman tabarau. “Kai masunci ne ko? In ka yi tsalle daga kwalekwale zuwa gaɓa, ina kwalekwalen ke zuwa?”

“Baya.”

“To shi ke nan asirin. Harsashi ya yi tsalle gaba, bindiga ta yi baya. Naushin nan da maharbanku ke zagi in ya bugi kafaɗarsu, shi waɗannan mutane suka kama suka sa shi aiki.”

Ya nuna mana da yatsa. In an harba, hancin da abin da ke riƙe da shi sukan ja baya kaɗan, kamar faɗin ƙwayar dawa biyu. Wannan ɗan motsi zai sa wani ƙarfe mai haƙori biyu ya sauka ya saki sakata, wato dogon ƙarfen da ke toshe bayan harsashi. Sakata ta ci gaba da baya ita kaɗai, ta fizgo kwanson da ya ƙone ta tofar da shi sama, ta danne gudumar da ke baya. Sai wani sifirin, wato naɗaɗɗiyar waya da ke ciki, ya dawo da ita, a hanya ta turo sabon harsashi daga akwatin nan na gaban kunama. Duk wannan kafin ƙiftawar ido. Siririn ƙarfen da harsashi ke jere a kai kuwa, ta sama ake kafa shi, a danna da babban yatsa, goman su shige lokaci ɗaya.

Sai ya ɗauki kuben, ya juya siririn gindinsa, ya zura shi a wata tsaga da ke bayan mariƙin. Muka ji ƙas. Kube ya zama abin dafawa a kafaɗa, ƙaramar bindiga ta koma doguwa. Ni da ƙanena muka dubi juna. Mun tashi da abin nan a gida, mahaifinmu ya shafa masa kitse shekara da shekaru, ba wanda ya san tsagar nan tana da aiki.

Kofur ya fara kwance ta a kan tabarma. Ya ce mu lura, noti ɗaya tak ke jikinta, shi ma katakon mariƙi kawai yake riƙewa. Sauran duk ƙarfe ne ke kama ƙarfe, wannan ya shiga cikin wancan, kamar yadda ake haɗa bakin tabarma ba tare da ƙulli ba. Yana yi yana yaba wa kitsen layya, wai ko ɗigon tsatsa babu. Ya ɗauki sukundireba ya kai bayan sakatar, ya danna, ya tsaya. Ya sake dannawa. Ya kai ta wajen taga ya leƙa. Sannan ya sa ɗan hantsaki ya zaro wani tsinken gora, baƙi wuluk da kitse, an fere shi daidai ramin.

Ya ce, “Ina allurar?”

Muka leƙa ramin, ba mu ga kome ba.

“Ina tambaya, ina allurar? Nan wurin wani siririn ƙarfe ne dogo. Guduma ta buge shi, shi kuma ya soki gindin harsashi, wuta ta tashi. Allura muke ce mata. In babu ita, wannan duka muciya ce. Wani ya cire ta da gangan, ya toshe ramin da kyau don kada a gane.”

Sai maganar kaka ta faɗo mini a rai. Na ga kaka a kan buzunsa, kansa a sunkuye. Na ji bakina yana cewa, “Tana cikin ruwa.”

Ƙanena ya ce, “Yaya, mi kake faɗi?”

Na ɗauki askar da nake feƙe alƙalami da ita, na kama layar. Ƙanena ya riƙe mini hannu, ya ce in ji tsoron Allah. Na ce masa in sunan Allah ne a ciki, karantawa ba ta ɓata shi. Na farke ɗinkin. Takarda ce ɗaya, an ninke ta har ta zama kamar ƙwayar goro. Ba aya ba ce, ba hatimi ba ne. Hausa ce da ajami, hannun wanda bai yi nisa a karatu ba, baƙaƙen manya, wasalin wani wuri akwai wani wuri babu. Na karanta a bayyane, a hankali:

“Bismillahi. Ni na rubuta da hannuna. Allurar wagga bindiga na hidda ta, na jefa ta Kwara gaban mashigin gungunmu ranar da na komo. Kada kowa shi dogara gare ta. A dajin Kamaru na ɗauke ta ga jikin Baturen Jamus da ya faɗi. Da hantsi ciyawa ta motsa, tsoro ya kama ni, na ja kunama. Sau ɗaya na yi nufi, amma kafin in gane muryar da ke kirana na ja uku. Abokin dakona ne, mutumin Shanga, ya tahi ɗebo muna ruwa. Bindigar toka in ka harba sai ka tsaya ɗuri, kunnenka shi ji, hankalinka shi komo. Wagga ba ta jiran hankali. Ban gaya wa danginsa ba. Na aje ta don kada in manta. Wanda ya karanta shi roƙa mani gafara, shi roƙa mashi.”

Daga waje ana jin masu kabu-kabu suna kiran fasinja. Shekara hamsin mutumin nan yana faɗin gaskiya a fili, gaban jama'a, mu kuma muna toshe masa baki da karin magana.

Ƙanena ne ya fara magana. “Kofur, ka ƙera mata wata.”

“Zan iya goge maka ƙarfe ya shiga ramin. Amma dubi harsashinka, duk sun yi kore. Sun girmi uwarka. Irinsu kuma ba ka samu a ƙasar nan ko ka bi ta da fitila. Ko dai ta ƙi tashi, ko ta tashi a fuskarka. Ba da hannuna ba, ɗana.”

Kofur ya mai da kome wurinsa, har tsinken gorar, ya yi mana sallama ya fita yana girgiza kai. Muka rage mu biyu.

Ƙanena ya ce, “Yaya, ba wanda ya ji sai mu.”

“Allah Ya ji.”

“Ba harbi za mu yi ba. Dawa za mu yanka, kwana biyu mu komo. Mutanen ga ba bindiga suka rasa ba, zuciya suka rasa. In sun ganta a kafaɗata za su tahi. In ba a yanka ba cikin mako ga, tsuntsu ya ci rabi, ɓarayi su kwashe rabi. Mi za mu ba ɗiyanmu? Kai kana nan kasuwa na bakin ƙofarka.”

“In kuma aka zo muku? Mutum ashirin za su tsaya maimakon su gudu, suna jiran harbi goma daga muciya.”

“Wataƙila ba a zuwa.”

“Wataƙila.”

Ya ce, “Tun ina goye ake ce mani mai rabo. Ka bar ni da shi kwana biyu kawai.” Ya naɗe kayansa ya tafi, ya manta kifin a zaure. Takardar tana hannuna.

Na yi Alhamis ina juya maganar. Gaskiyarsa ce game da dawar, ni kuma ba ni zan kwana da yunwar ba. Amma kaka ya rubuta kada kowa ya dogara gare ta, kuma ni Allah Ya sa na karanta. Ranar Juma'a na shiga jirgi. Na yi niyyar in faɗi abu ɗaya kawai, cewa bindigar ba ta tashi, in rufa wa kaka asirin sauran.

Bayan la'asar, magidanta suna zaune ƙofar masallaci suna wasa lauje, suna shirin gobe. Ƙanena na cikinsu da kuben a cinya. Da ya ganni ya sunkuyar da kai. Na yi sallama, na ce ina da magana a kan bindigar tsoho. Na ce, “Jama'a, abin da marigayi ya riƙa faɗi gaskiya ne. Allurar bindigar nan tana cikin ruwa.”

Wani dattijo, cikin waɗanda suka san kaka a gungu, ya ɗaga sandarsa da murna ya ce, “Mai rabo ka ɗauka! Ga shi kuwa zaune!” Aka yi dariya, wani ya dafa kafaɗar ƙanena.

Na sake bayani, na ce ƙarfe ne, an cire shi. Suka ce Malam ya zauna birni ya koyi tsoro. Wani ya ce wa zai cire wa bindigarsa ƙarfe ya kuma yi shekara hamsin yana shafa mata kitse? Tambaya ce mai kyau, kuma amsarta ɗaya ce. Na zaro takardar daga aljihu. Ƙanena ya ce, “Yaya,” sau ɗaya, a hankali. Na karanta ta duka, har da mutumin Shanga. Limamin ƙauyen ya karɓa ya bi ta da yatsa, ya ce haka take.

Ba wanda ya yi dariya kuma. Ɗaya bayan ɗaya suka tashi da laujensu. Ranar Asabar ba wanda ya tafi.

Dawar ta lalace a tsaye. Abin da tsuntsu ya bari, wasu suka kwashe, ba mu san ko su wa ba ne. Shekarar ta yi wa ƙauyen tsanani, gidaje da yawa suka sayar da awakinsu, wasu samari suka bar gari ba su komo ba har yau. Ko da an tafi za a gamu da ɓarayin, ko ba za a gamu da su ba, ban sani ba, kuma ba zan taɓa sani ba. Akwai waɗanda har gobe suke cewa da Malam ya yi shiru da an ci tuwo. Yara suka sa wa ƙanena Mai-allura. Kaka kuma, wanda a da ake ambatonsa da girma, ya koma mutumin da ya kashe abokinsa ya ɓoye.

Inna ba ta ce na yi daidai ba, ba ta ce na yi kuskure ba. Da na je yi mata sallama ta ce, tana kallon bango, “Su biyu nag gani da rai, alhamdu lillahi.” Ta rasu da azumin da ya biyo baya.

Matar ƙanena ce ta gaya mini abin da ya yi da bindigar. Wata safiya ya tuƙa kwalekwalensa shi kaɗai zuwa tsakiyar tafki, daidai inda tsofaffi ke cewa gungunmu yake a ƙasa, ya sake ta tare da harsashin bakwai. Kuben ya dawo da shi. A ciki yake ajiye ƙugiyoyinsa yanzu.

Na taɓa zuwa Shanga ranar kasuwa, da nufin in nemi dangin mutumin. Sai da na sauka daga mota na tuna kaka bai rubuta sunansa ba. Na zaga, na tambayi tsofaffi biyu ko sun ji labarin wani ɗan dako da bai komo daga Kamaru ba. Ɗayan ya ce waɗanda ba su komo ba ai suna da yawa. Na yi sallar azahar a masallacinsu, na roƙa masa gafara ba suna, na hau mota.

Ƙanena yana nan da ransa. In mun haɗu wurin jana'iza ko suna yakan gaishe ni yadda ƙane ke gai da wa, ya tsuguna, ya tambayi iyali, ya tashi. Bai sake sauka a zaurena ba. Amma duk bayan 'yan makonni wani mai jirgi yakan miƙo mini ƙullin bandar kifi, ya ce daga ƙauye. Nakan tambaye shi ko an ba shi saƙo. Yakan ce a'a, kifin kawai aka ba shi.

Takardar tana cikin gafakata, tsakanin littattafai. Ban sake ɗinke ta ba. Allah Ya gafarta wa wanda ya rubuta ta, da wanda aka rubuta ta dominsa, da wanda ya karanta.